Amsa kan taron mabusa: ba laihin yara ba ne

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari saƙonka, kana tambaya wai mi ya sa busar haɗin gwiwa ta watse ranar ruhe taron mabusa na Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ko yaran ne ba su iya ba. Na gane inda ka dosa, so kake a ce ƙungiyar wani gari ce ta ɓata. To ba haka ba ne. Waɗanda sunka shirya taron su sunka kashe shi tun ba a aza baki ga ƙarhe ba.

Fara da takardun waƙa, don nan ciwon yake. An buga takarda iri guda an raba ma kowa kamar katin biki. Haba! Turampet ɗin da yaranmu ke riƙewa na B-filat ne (haruhan nan sunayen sautuka ne), in ya ga C a takarda ya busa, abin da ke hita B-filat ne, ya sauka da mataki guda cur. Ka ba shi takardar mai piyano, ya busa daidai yadda anka rubuta, kuma kunne ya ji shi a karkace. Ƙahon E-filat shi ma da nashi lissahi. Sannan masu turombon kashi biyu ne: wanda ya koya a tsarin badujalar soja ko 'yan sanda da alamar bes yake karatu (alamar hwarkon layukan waƙa da ke nuna sunan kowane ɗigo), wanda ya taso a tsarin ƙungiyoyin busa irin na Ingila da alamar tirebul. Ɗigo guda a layi na biyu, mai bes ya karanta B, mai tirebul ya karanta G. Mutum biyu kahwaɗa da kahwaɗa, takarda guda, kowa na rantsuwa shi ne daidai, kuma duk ba su yi ƙarya ba. Maganin ba tsada: fom ɗin rajista ya tambayi kayan busarka, makullinshi (B-filat ne ko E-filat), da alamar da kake karantawa. Layi ukku. A tura takardun ta waya sati huɗu kahin taro, a buga ƙarin kwahi biyu ga kowane sashe, a sa ma layukan waƙar lamba, don in banmasta, wato jagoran mabusa, ya ce a koma 33 kowa ya san wurin.

Sai lokaci. Wa ke tara masu busa tsakar hili da ƙarhe 1 na rana a Sakkwato, inda zahin bazara ke wuce digiri 40? Iskar cikin bututu in ta yi zahi sauti hawa yake. An daidaita kaya da sahe kan A 440, sautin da kowa ke daidaitawa da shi, cikin zaure mai sanyi, an hito da su rana, an jingine tuba, babban ƙahon nan, ƙasa awa biyu ana jiran babban baƙo. Babbar tuba bututunta ya wuce mita 5, turampet bai kai mita ɗaya da rabi ba, ba tare suke ɗaukar zahi ba, to ba tare za su hau ba. Ko dai a'a, bari in gyara, ba zahin ne laihi ba, rashin sake daidaitawa ne. Minti 10 kahin farawa, a inda za a busa, kowa ya ɗan jawo bututun daidaita sauti waje, shike nan. Ba a ba da minti goman ba, jawabi ya cinye su. Ga Azahar ta kawo jiki, rabin mutane hankalinsu na ga alwala. A yi da hantsi, ko bayan La'asar.

Leɓe kuma nama ne, ba roba ba. Mai busa na buƙatar kamar minti 15 na ɗumama baki da dogayen sautuka, kuma ba a haɗa mishi gwajin awa ukku ba hutu sannan a ce ya hau babban wasa da yamma. Ruwan sha ma sai da anka yi ta cigiya.

Teburin gyara fa? Babu. Ƙurar garin nan na shiga bawul, abin da ake dannawa da yatsa, ya liƙe, yaro ya ɗebo man keken ɗinki ko man gyaɗa ya zuba, ya ƙara danƙarewa. Ana son man bawul na ainihi, giris na bututun ja, tsumma marar gashi, abin toshe mahitar ruwa da 'yan sifirin. Da abin cire bakin busa in ya maƙale. Kada a sa filaya! Filaya ke karya walda, a tashi da aikin da ya hi na farko.

Tsayuwa ma an shimfiɗa su layi guda mai tsawo don hoto ya yi kyau. Sauti na tahiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato tazarar mita 34 na jinkirta shi da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Na ƙarshen layi na bin abin da kunnenshi ya ji, kullum yana baya. A lanƙwasa su kamar jinjirin wata, babbar ganga a tsakiya, banmasta bisa abin takawa, ido ga hannunshi.

Batun masu kakaki da anka sa su jira a bakin ƙoha, wannan kam... kakaki kayan sarauta ne, ba a kiran mai shi a ce ya cike gurbi tsakanin jawabi biyu. Bari in bar shi nan, kada in hwaɗi abin da za a tura wani wuri.

Amma takardun nan hwa. Wanda ke da lambar sakataren kwamiti ya tambaye shi wa ya duba su kahin a kai wurin bugawa, kuma wane kaya mutumin yake busawa.