Ku Tambayi Mai Gyara: Garmahon Baba Ya Koma Magana da Kunne Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gaji garmaho ƙirar Technics SL-1200 MK2 daga mahaifina, tare da faya-fayan kalangu da na goge kusan akwati guda. Idan na kunna, lasifikar dama ce kaɗai ke magana, ta hagu sai gurnani. Yayana ya aiko min da sabon gidan allura, Audio-Technica AT-VM95E, amma da na ga wayoyi huɗu ƙanana kamar zare sai na ji tsoron taɓawa. Yaya zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Abin da ya bar maka ba ƙaramin kaya ba ne. Tun 1979 aka fara ƙera wannan samfurin a Japan, kuma har yau da wuya ka ga wanda ya mutu murus.

Kada ka yi gaggawar kwance komai tukuna. Je bayan amfilifaya ka musanya filogi ja da fari. In shirun ya tsaya a hagu, laifin na amfilifaya ne ko lasifika. In ya koma dama, to a jikin garmahon yake. Sai ka murɗa zoben da ke bakin hannu, ka zaro kan da ke ɗauke da allura, wanda masu sana'a ke ce wa hedshel. A gindinsa za ka ga ɗigo huɗu na ƙarfe. Ƙurar hunturu da damshin damina na shekaru suna dusashe su. Ɗan auduga da sifirit, ka goge su, ka mayar. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, mutum ya tafi bai kashe ko sisi ba.

In kuma sauyin ya zama dole, ga yadda wayoyin suke. Fari da shuɗi na hagu ne, ja da kore na dama. Fari da ja su ne masu kai sauti, shuɗi da kore su ne abokan tafiyarsu. Kowane kamfani da yadda yake jera ƙafafun gidan allurarsa, saboda haka kada ka bi wurin da tsohuwar waya ta zauna, ka bi launin da ke gindin kowace ƙafa a sabon. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire. Idan ka musanya wayoyi biyun gefe ɗaya da juna, sauti zai fito, amma za ka ji kalangu ya rasa nauyinsa, muryar mawaƙi kuma ta ƙi tsayawa a tsakiya.

Ka yi aikin da hantsaki, allura na cikin murfinta. Ka kama ɗan bakin ƙarfen da ke ƙarshen wayar, kada ka ja wayar kanta, yanzu ta tsinke ta bar ka da jinya. In bakin ya yi sako-sako, zura tsinken sakace a ciki sannan ka matsa a hankali, tsinken zai hana shi rufewa gaba ɗaya. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari kowa ya kai dalma kan ƙafafun nan. Ina yaron shago na yi wannan kuskuren. Wata ƙafa ta ƙi riƙe waya, na ce bari in ɗiga mata dalma in huta. Zafin ya bi ƙafar ya shiga ciki ya cinye wayar da ta fi gashin kai siranta. Gidan allurar wani dattijo ne, daga waje ya zo da shi, kuma har yau ina tuna yadda ya juya shi a tafin hannunsa bai ce min uffan ba.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Tazarar kusoshin biyu milimita 12.7 ce, kusan duk kamfanoni sun yarda da ita, kuma ramukan naka suna kama kusa da kansu, ba ka buƙatar noti. Kafin ka ƙara ɗaurewa, auna milimita 52 daga robar gindin kan zuwa tsinin allura, ka tabbata gidan bai karkace ba.

Sai nauyi, kuma a nan ne faya-fayai suka fi shan wahala. Da yawa cikinmu mun taso muna ganin ana ɗora kwabo a kan hannun garmaho don allura ta daina tsalle. Wannan kwabon ya ci faya-fayai da yawa a ƙasar nan. Mayar da maɓallin da ke gefen gindin hannu zuwa sifili, ka murɗa nauyin baya har hannun ya yi shawagi, bai sama bai ƙasa. Saita zoben lambobi a kan sifili, sannan ka murɗa nauyin gaba ɗaya zuwa giram 2, abin da kamfanin ya tsara wa wannan allurar ke nan. Maɓallin gefen ma ka kai shi 2.

Gurnanin da ka ambata, duba siririyar wayar nan ta uku da ke fitowa tare da filogi. A kusar bayan amfilifaya da aka rubuta GND take zama, filogin kuma a ramin PHONO.

Ka kuma bincika akwatin. In ka tarar da faya-fayan nan masu nauyi masu saurin fashewa, na gudun 78, wato masu juyawa sau 78 a minti, ka ware su gefe. Garmahonka 33 da 45 kaɗai yake juyawa, kuma layinsu ya fi faɗi, allura ta daban suke so. Rubuto min abin da ke jikin takardar tsakiyarsu, sai mu san yadda za a yi da su.