Tsere, sassarfa da gudun yada ƙanin wani: amsar tambayoyinku

Wani malamin motsa jiki daga Zariya ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ina so in ba ɗalibaina tarihin 'yan gudun Jami'ar Oregon ta Amurka da Hausa. Gudun nan da suke yi a cikin ciyawa da taɓo, ba a kan layin filin wasa ba, shi ne gudun yada ƙanin wani?"

Malam, ba shi ba ne, ko da yake kafafen yaɗa labarai sun saba laƙaba wannan suna ga kowane dogon gudu. Ka dubi maganar da kanta. Mutum ne yake ɗauke da yaro, abin tsoro ya taso, ya yar da yaron ya ranta a na kare, domin ƙanin wani ne, ba nasa ba. Gudun ceton rai ke nan, babu lissafi a cikinsa, babu tanadin numfashi. Shi kuwa gudun da kake magana a kai, lissafi ne tun daga farkonsa har ƙarshe. A gasar jami'o'in Amurka ta ƙasa, wadda aka fara a 1938, ake kuma yin ta a watan Nuwamba, maza suna gudun kilomita 10, mata kilomita 6, a kan tudu da gangare, sau da yawa cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Wanda ya yi masa gudun yada ƙanin wani, kafin a kai rabi ya zube.

Ni a ganina ka ce wa ɗalibanka "tseren ratsa daji". Tsere na ce, ban ce gudu ba, domin gudu kowa yana yi, har wanda kare ya biyo, amma tsere sai da abokin karawa. Idan kana son sunan da zai haɗa shi da sauran danginsa, irin su mita 5,000 da mita 10,000 da gudun famfalaki, "tseren dogon zango" ya wadatar.

Ga wani abu da zai yi wa ɗalibanka daɗin ji. A wannan tsere kowace jami'a tana saka mutum bakwai, a ɗauki matsayin biyar na farko daga cikinsu a tara, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta ci. Idan suka zo na ɗaya zuwa na biyar a jere, maki 15 ke nan, babu abin da ya fi shi. Amma ko gwaninku ya zo na ɗaya, muddin na biyar ɗinku yana can baya yana jan ƙafa, kofi ya wuce ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan ma'anarsa ta fito har da alƙalumma.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Maraɗi: "Malam, karin maganar nan ta 'sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba', ba ragwanci take koyarwa ba?"

'Yata, da ragwanci take koyarwa, da ba a ƙara mata wutsiyar nan ta "sai dai a daɗe" ba. Bahaushe ya yarda sannu tana da tsada, ya faɗi tsadar da bakinsa, sannan ya ce duk da haka za a isa. Tarihin Oregon ɗin nan ma ya ishe mu misali. Bill Hayward ya horar da 'yan gudun jami'ar daga 1904 zuwa 1947, sunansa ne aka saka wa filin wasansu da ke birnin Eugene. A 1948 Bill Bowerman ya karɓi aikin, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne hana yaransa wahalar da kai kullum. Yau a yi atisaye mai tsanani, gobe a sassauta jiki ya huta, domin a wurinsa lokacin hutun ne jiki yake gina ƙarfi. Da wannan tsari jami'ar ta ci kofin ƙasa na wasannin tsalle-tsalle da guje-guje sau huɗu a hannunsa, a 1962, 1964, 1965 da 1970. Ɗalibinsa Bill Dellinger, wanda ya ci tagulla a mita 5,000 a Olamfik ta Tokyo a 1964, shi ya ɗora daga nan, ya kawo kofin tseren ratsa daji a 1971, 1973, 1974 da 1977.

Bowerman ɗin ne kuma ya je New Zealand a 1962, ya ga yadda mai horarwa Arthur Lydiard yake fitar da mutane, har da dattawa, suna ɗan gudu a hankali don lafiyar jiki, ya dawo ya yaɗa al'adar a Amurka. Muna da sunan wannan tun da daɗewa: sassarfa, wato tsakanin tafiya da gudu. Duk wanda ya je bitar aikin Hajji ya ji ta, a zagaye uku na farkon ɗawafi da kuma tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa. Ina jin takaici idan na ji matasa suna aro kalma alhali wannan tana zaune a bakin iyayensu.

Malamin na Zariya ya ƙara da cewa: "Steve Prefontaine fa? Za a iya cewa sauri ya haifi nawa a kansa?"

Ga abin da ya faru. Prefontaine ɗalibin Oregon ne, ya zo na ɗaya a tseren ratsa daji na ƙasa sau uku, a 1970, 1971 da 1973, kuma halinsa ne ya shige gaba tun da wuri, ba ya laɓewa a bayan kowa. A Olamfik ta Munich a 1972, a mita 5,000, yana ɗan shekara 21, ya ja ragama saura kusan zagaye huɗu. Lasse Viren na Finland ya ci zinare, Mohamed Gammoudi na Tunisiya ya biyo shi, sannan Ian Stewart na Birtaniya ya wuce Prefontaine, wanda ƙafafunsa suka riga suka mutu, daf da layi. Prefontaine ya tashi na huɗu, babu lambar yabo.

Duk da haka ban yarda a jefa masa wannan karin magana ba. Ana cewa sauri ya haifi nawa ga wanda ya yi garaje, ya tsallake abin da ya kamata ya yi, aiki ya dawo masa sabo. Shi kuwa ya san abokan karawarsa sun fi shi saurin ƙarshe, sai ya zaɓi ya gajiyar da su tun da nisa. Kalmar da ta dace da shi ita ce kasada, ko kuwa ka ce ya yi ƙuru, yana sane da abin da zai iya rasawa. Bai sami damar sake gwadawa ba, domin ya rasu a haɗarin mota a Eugene ranar 30 ga Mayu, 1975, yana ɗan shekara 24, a lokacin da babu Ba'amurken da ya taɓa kai shi sauri a duk tseren da ke tsakanin mita 2,000 zuwa mita 10,000.