Amsa ga ƙanena lauya da ke neman aiki: me hannunka ya taɓa yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena Barista. Ka ce ka gama makarantar lauyoyi ta Bagauda, ka yi bautar ƙasa, ka kai CV ofisoshin lauyoyi fiye da goma tsakanin Kano da Abuja, amma har yau shiru, kana tambaya ko takardar ce da matsala. Maganarka ta taɓa ni, domin ni ma na sha wannan jiran, kuma yau shekara bakwai ke nan ni nake tace takardun masu neman aiki a ofishinmu kafin su kai teburin maigida.

Yawanci da yamma nake duba su, bayan an dawo daga kotu, ga fayil ɗin gobe yana jirana. Idona kan saman shafin farko yake fara sauka: shekarar da aka rantsar da kai lauya, lambar rajistarka ta Kotun Ƙoli, da sakamakon da ka fita da shi a jami'a da makarantar lauyoyi. Da shekarar rantsuwa ake auna girma a wannan sana'a, don haka kada ka binne ta a ƙasa. Shafi biyu sun ishe ka. Makarantar firamare da "ina son karatu da tafiye-tafiye" duk ka cire su.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kusan kowa yana rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai haƙuri, mai iya aiki da jama'a. Maigida ba wannan yake nema ba. So yake ya san idan ya miƙa maka fayil ƙarfe huɗu, me za ka dawo masa da shi da safe. Akwai wata yarinya da muka ɗauka, sakamakonta bai fi na sauran ba. A ƙarƙashin bautar ƙasarta ta rubuta layi uku kacal: ta tsara takardun neman beli guda shida tare da takardun rantsuwarsu, ta bi rajistar kamfanoni huɗu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tun daga neman suna har fitowar satifiket, ta yi lissafin rabon gado biyu da aka gabatar a babbar kotun shari'ar Musulunci. Ina tuna maigida ya ɗora biro a kan layin ƙarshe, ya ce a kira ta ranar Litinin. Kai ma zauna ka tuno watannin da makaranta ta tura ku kotu da ofisoshin lauyoyi, da shekarar bautar ƙasa. Wace takardar roƙo ka rubuta? A wace kotu ka tashi ka yi magana, ko da neman ɗage zama ne? Wane bincike ka yi a NWLR ko LawPavilion, wato kundayen hukunce-hukuncen kotuna, har ya shiga rubutaccen jawabin ofis? Ka faɗa da adadi. Sai dai ka kiyaye amana: kada sunan wanda kuka yi wa aiki ya fito, ka ce "wani kamfanin gine-gine" kawai. Wanda ya saki sirrin tsohon ofishinsa a takarda, mun san haka zai yi mana. Kuma kada ka ƙara gishiri, domin a ganawa za a iya ba ka takarda da biro a ce tsara mu gani.

Wani abu da ke damuna da yaranmu na Arewa: mutum ya karanta shari'ar Musulunci haɗe da dokar ƙasa a ABU ko BUK, sai ya ɓoye, wai kada a raina shi a Abuja. Wallahi asara ce. Shari'o'in gado da aure da filaye suna hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara, ofisoshi kuwa suna neman wanda zai karanta bayanan ƙaramar kotu da Hausa, ya buɗe littattafan fiƙihu irin su Risala ko Tuhfa ya gane. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na farko a 2017, wannan ilimi ya samu kasuwa har a harkar kuɗi. Ka rubuta shi fili, da Hausarka da Larabcinka.

Kada kuma ka raba takarda iri ɗaya ko'ina. Banki ko kamfani, ka sa kwangiloli da dokar kamfanoni ta 2020 a gaba. Ma'aikatar shari'a, ka fito da aikin laifuka da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, ka sa jiharka da ƙaramar hukuma tunda can ana tambaya.

Ka tabbata ka biya kuɗin lasisin aikin lauya na bana, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne, kuma hatiminka na NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, yana hannu, ka ambata a layi ɗaya. Masu tsaya maka su zama waɗanda suka ga aikinka da idonsu, ka kuma sanar da su tukuna. Sannan ka ba wani babba ya karanta maka da jan biro kafin ka mayar da ita PDF, domin kuskuren rubutu ɗaya a takardar lauya yana sa a ajiye ta gefe. Ka gyara, ka sake kai wa ofisoshin nan da ƙafarka bayan azahar, lokacin da manya suka dawo daga kotu. Allah Ya sa a dace.