Filin Amsoshin Tambayoyinku: Birkin gaban kekena ya tsinke, na baya kaɗai ya isa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da keke irin mai giya ɗaya wanda nake zuwa aiki da shi kullum cikin gari, to kwanan nan wayar birkin gaba ta tsinke sai abokina ya ce in ƙyale shi kawai tunda dama birkin gaba shi ke wuntsila mutum, wai na baya ya isa. Gaskiya ne ko in gyara? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ka gyara, kuma dan Allah kar ka sake hawansa cikin motoci sai ka gyara ɗin.

Abokinka ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, mutum yana wuntsilawa idan ya damƙe birkin gaba da ƙarfi lokaci guda a firgice, amma matsalar ta hannun mahayin ce. Duk lokacin da ka ja birki nauyinka da na keken gaba yake tafiya, tayar gaba ta ƙara danne kwalta ita kuma ta baya ta yi sako-sako, shi ya sa in ka matse na baya sosai sai ka ji tayar tana jan ƙasa ƙiiii keken kuma yana ci gaba da sulalewa. A busasshiyar kwalta, birkin baya shi kaɗai kusan rabin abin da na gaba zai yi maka yake yi. Sannan in ka ninka gudu sau 2, nisan da za ka ci kafin ka tsaya sau 4 yake ninkuwa, to ka ƙiyasta wani ya buɗe ƙofar mota a gabanka ko yaro ya faɗo titi da gudu.

Ba ka faɗa min wane irin mai giya ɗaya ba ne, kuma da bambanci. In mai firiwil ne, wato kana iya daina juya feda keken yana ta tafiya, to ƙafarka ba ta da abin da za ta yi wajen tsayawa, wayar baya ɗin nan guda ɗaya ita kaɗai ta rage maka, ranar da ita ma ta tsinke shikenan. In kuma irin wanda ake taka feda baya ya ja birki ne, wannan da sarƙa yake aiki, sarƙa na zamewa birki ya tafi, kuma a doguwar gangara yana ɗaukar zafi ya rage kamu. Akwai na uku wanda fedarsa ba ta tsayawa muddin taya na juyawa, samari suna son shi suna tsayar da shi da ƙarfin ƙafa, amma ko shi dokar Birtaniya ta 1983 ta ce dole a sa masa birkin gaba in za a hau titi. A 2016 a Landan wani matashi a kan irin wannan keken mara birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi ta rasu, a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Wannan labarin har yau yana taɓa min zuciya, don abin da ya rasa a keken ba wani abu ne mai wuyar sawa ba.

In ka kai wa mai gyara kar ka tsaya a waya kaɗai. Ka duƙa ka kalli robar birkin da idonka, akwai 'yan tsage-tsage a jikinta, in sun shafe ta zama sumul to ta gama aiki, kuma ta zauna daidai kan rim kar ta riƙa gogar taya. Ka matse hannun birkin, in ya zo har ya taɓa kan keken to waya ta saki sai an ja ta. Wayar baya ma ka duba wajen notin da ya riƙe ta, nan ne silin ƙarfen ke fara warwarewa ɗaya-ɗaya kafin ta tsinke. Mai ko giris kuwa kar ya kusanci rim, in kana sa wa sarƙa mai ka goge abin da ya ɗiga.

Batun tsoron wuntsilawa kuma, nemi fili inda ba motoci ka gwada sau da yawa: ka miƙe hannuwa su yi tauri, ka ja mazauninka baya a kan sirdi, ka fara matsa birkin gaba a hankali sannan ka ƙara ƙarfi. Inda ƙasa ke da yashi ko santsi, ko kana tsakiyar kwana, nan kam ka sassauta na gaba don tayar na iya zamewa. Ranar ruwa kuma musamman in rim ɗinka na ƙarfe ne mai ƙyalli ba alminiyam ba, sai tayar ta ɗan juya roba ta share ruwan kafin birki ya kama, don haka ka fara matsawa tun daga nesa.