Aurena sati 9, sikanin ya ce cikin sati 10 da kwana 4 ne

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min, ni bazawara ce, bayan rabuwata da mijina na farko na yi idda ta cika, al'ada sau uku babu tsallake, sannan aka ɗaura min aure da wani, yau sati 9 da tarewa. Jiya mun je awo aka yi sikanin, takardar ta nuna ciki sati 10 da kwana 4, tun a hanya maigidan ya ɗauke wuta, yanzu har Hajiyarsa ta ji labari ana ta ƙus-ƙus wai da cikin tsohon mijina na shigo. Wallahi ko barci ba na yi. A sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, takardar nan da ake miki surutu a kanta ita ce ma shaidarki, karanta ta ne ba a iya ba.

Su ma'aikatan asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga suke fara ƙirga ba, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe suke farawa, na'urar sikanin ma da wannan lissafin take aiki, alhali ƙwai yakan fito ne kamar kwana 14 bayan nan ga mace mai zagayen kwana 28. Shi ya sa ake cewa ciki sati 40 ne amma ainihin zaman jariri a mahaifa wajen sati 38 ne. To ki cire sati 2 daga sati 10 da kwana 4, saura sati 8 da kwana 4, kin ga kenan a satin farko na amarcinki aka samu rabon. Sikanin da aka yi kafin sati 14 kuskurensa ba ya wuce kwana 5 zuwa 7, na watannin ƙarshe ne yake iya kaucewa har sati 3, don haka ki adana wannan takardar, kar wani sikanin na gaba ya zo ya rikita ku.

Maganar tsohon miji kuwa lissafi ne kawai. Idda ta ci kusan wata uku, ki ɗora sati 9 na aure, da cikinsa ne da yanzu ya haura sati 20, ya fito fili har kina jin motsi. Babu sikanin da zai ga ɗan wata biyar ya ce ɗan sati 10 ne. Maniyyi kuma bai wuce kwana 5 yana raye a jikin mace ba, balle wata uku.

A shari'a ma ɗan da aka haifa bayan wata 6 da aure na mai shimfiɗa ne, naki kuwa in Allah ya kai mu sai wajen wata 9 da tarewa. Gwajin DNA akwai shi, bayan haihuwa ana shafo yawun kumatun uba da na jariri, amma ni ban ga abin da zai kai ku can ba, kuɗi ne mai yawa a kan abin da ƙirgen yatsu ya warware.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake miƙa wa mutane takardar sikanin ba a yi musu wannan bayanin na minti ɗaya ba. Ki lallaɓa maigidan ku koma tare, likita ko ungozoma ta faɗa masa da bakinta, zai fi shiga kunnensa fiye da naki. Hajiya kuma ki bar shi da ita, shi ya kai mata labarin shi zai je ya gyara. Ki ci gaba da zuwa awo da shan maganin ƙarin jini da suka ba ki.