Sarkin Faransa da takalmi mai tsini

Tambaya: Malam, na ga hoton Sarki Luwi na 14 na Faransa da gashi har kafaɗa, safa ta ɗame masa ƙafa, ga takalmi mai tsini irin na mata. Wai 'yan daudu ne suka mulki Turawa a da? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗana, da a fadarsa ka yi wannan tambaya, da ka yaba wa aya zaƙinta. Ina jin hoton da Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701 ka gani. Sake dubawa, akwai takobi a kugunsa. Gashin na sawa ne. Takalmin kuwa daga mahayan dawakin Farisa Turawa suka kwaikwaya, don dunduniyar ce ke riƙe ƙafa a likkafa. Jar dunduniya a wannan fada alamar kusanci da sarki ce. Wannan ado matsayi yake nunawa.

Mazantaka a lokacin ita ce ka riƙe gidanka, iyali da barori su ji maganarka, in an ci mutuncinka ka zare takobi. Abin ya yi ƙamari har Faransa ta tsananta dokar hana fito-na-fito a 1626, shekara ta zagayo aka fille kan basarake Montmorency-Bouteville don ya yi kunnen ƙashi. Likitocinsu, bisa koyarwar Galen, wani likitan Girka na zamanin da, sun ɗauka jikin namiji zafi ne da bushewa, na mace sanyi da danshi. Shi ya sa wanda ya cika bin mata shi ake cewa ya yi laushi, wai ya kasa mallakar kansa. Yau kuwa a majalisa irinsa ake yi wa kirari!

Luwaɗi fa? Ingila ta yanke masa hukuncin kisa tun 1533, amma zunubi aka ɗauke shi wanda kowa kan iya faɗawa ciki. A ƙarni na 18 ne aka fi haɗa shi da kwaikwayon mata, musamman bayan samamen da aka kai wasu gidajen da 'yan luwaɗi ke taruwa a Landan a 1726, aka rataye mutum uku. Sannu a hankali maza suka fara gudun ƙyale-ƙyale, suka bar wa mata tsinin takalmi. Da Ingila ta sa haraji kan hodar gashi a 1795, gashin sawa ma ya kama hanyar bacewa, ya maƙale a kan alƙalai da lauyoyi, har da namu na Najeriya.