Ɗana, sanarwa daban, gayya daban

Salama, ɗana. Tun daren jiya na karanta tambayarka, da ita na kwana a raina. Ka ce wata huɗu ke nan da aka ba ka shugabancin matasa a ikkilisiyarku a Sabon Garin Zariya, kuma duk aikin da ya taso, shara ce, jera kujeru ne, gaida marasa lafiya ne, mutum biyar ɗin nan dai su ne ke fitowa, ko da sakatare ya maimaita sanarwa sau uku ranar Lahadi. Kana tambaya ko ka roƙi Fasto ya tsawata musu daga bagade, ko ku fara cin tarar duk wanda bai zo ba. Ni uwa ce a Zumuntar Mata a nan Samaru, tun 1996 nake ciki, kuma wannan ciwon da kake ji na sha shi shekara da shekaru.

Kada ka yi ko ɗaya cikin biyun. Tara mun gwada ta a zumuntarmu. Masu hali sai su miƙo kuɗin tun kafin ranar aikin, su ce ai mun biya, hankalinsu kwance. Marasa hali kuwa kunya ta hana su zuwa ko taron addu'ar Talata, don kada ma'aji ta buɗe littafi a gabansu. Wata shida muka yi muka soke ta, amma sai da muka bi wasu mata har gida kafin su dawo. Tsawa daga bagade kuma a kan biyar ɗin nan naka za ta sauka, don su ne masu taushin zuciya. Sauran kowa zai ɗauka da na kusa da shi ake.

Ni a ƙauye na tashi, ta hanyar Giwa, kuma babanmu manomi ne. Ban taɓa ganin ya tsaya a kasuwa ya yi shelar gayya ba. Da yamma yake fita da goro a aljihu, gida gida, ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya ce wane, ranar Alhamis ina da huɗa a gonar bakin rafi, ina roƙon hannunka. Mutum ya san ranar, ya san gonar, ya san da garma zai zo, ya san kuma kafin rana ta karya an tashi. Mu yara muna biye da iyayenmu mata ɗauke da ƙwaryar fura da tuwo. In gayyar wane ta zo, babanmu ne farkon isa gonarsa. Sanarwar da ake karantawa a majami'a, wai duk matasa su fito ranar Asabar akwai aiki, ba ta kira sunan kowa ba, ba ta faɗi aikin ba, ba ta faɗi ƙarfe nawa za a tashi ba. Wanda aka kira shi kowa, ba a kira shi ba.

Akwai wata baiwar Allah da ke tuyar ƙosai a unguwarmu. Shekara kusan bakwai tana zuwa sujada, kujerar baya take zama, ana yin albarka ta fice. Mu duka mun yanke mata hukunci cewa ba ta da zafin aikin Ubangiji. Wata Kirsimeti mai yi mana tuyar yaran makarantar Lahadi ta haihu, sai na je wurinta da asuba, tana gaban kasko, hayaƙi na shiga mata ido. Na tsuguna na ce, ƙanwata, mudu shida na wake muke da shi, yara ne za su ci, ba mu da hannu irin naki. Ta ajiye matsami, ta dube ni, ta ce, Mama, tun da nake zuwa ba wanda ya taɓa ce mini in zo in yi wani abu, na ɗauka aikin na masu karatu ne. Ranar da kaskonta ta zo, da 'yarta, da itacenta. Yau ita ce ke riƙe da girkin duk wani biki da zaman makoki a ikkilisiyarmu. Har yanzu in na tuna shekara bakwai ɗin nan sai raina ya ɓaci, don laifinmu ne.

Sai abin da ya fi wuyar faɗi, kuma da kaina zan fara. Wani lokaci mu da muke kukan aiki ya yi mana yawa, mu ne muka tare ƙofar. Na yi shekaru makullin ɗakin ajiya na hannuna. Ni na san tukwane nawa muke da su, ni na san mudu nawa na shinkafa ke ciyar da taro, ni na san wurin wa ake aron rumfa. Ina gunaguni, amma a can ciki ina jin daɗin a ce sai Mama ta zo. Sai 'yata ta haihu a Jos, na tafi wankan jego. Ina can wani dattijonmu ya rasu, baƙi suka cika gida, makullin kuwa yana cikin jakata a Jos. Sai da aka fasa kwaɗon, kuma ko da aka buɗe ba wadda ta san yadda ake lissafin abincin. Da na dawo, wata tsohuwa da ta girmi mahaifiyata ta kira ni gefe, ba a gaban mutane ba, ta ce, 'yata, aikin Ubangiji ne kika ɗaure a haɓar zanenki? Na yi kuka a daren nan. Daga baya na zauna na karanta Fitowa sura 18, inda Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gaya masa abin nan ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Satin nan na yanka makulli uku, na sayi littafi na rubuta duk abin da ke kaina.

Don haka ka lura da biyar ɗinka da idon basira. In sabon yaro ya jera kujeru a karkace, suna sake jerawa a gabansa? In ya taɓa na'urar sauti, suna daka masa tsawa? In ya kawo shawara, ana ce masa ba haka muke yi a nan ba? Yaron da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai yi faɗa ba, ba zai dawo ba ne kawai. Ka bar layin kujerun a karkace ranar Lahadin nan, ba wanda zai fasa sujada saboda shi. Sati na gaba ka tsaya kusa da yaron ku jera tare.

Ka kuma duba su wane ne biyar ɗin. Ikkilisiyoyinmu na Zariya taron yare ne: Hausawa, Bajju, Atyap, Ham, Ngas, Tibi, Yarbawa, Ibo, ga masu sujadar Hausa ga masu ta Turanci. In duk masu aikin 'yan gari ɗaya ne, suna aiki suna hira da yarensu, baƙo zai tsaya daga nesa ko da ba wanda ya kore shi. Wannan ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai don wannan hidimar, su Istifanas da Filibus, kuma in ka duba sunayen bakwai ɗin duka na Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa aikin.

Batun lokaci ma ka yi masa adalci. Safiyar Asabar da muke ɗauka kowa na gida, ita ce ranar cinikin mai shago a kasuwar Sabon Gari, ita ce ranar mai Keke Napep, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa na Shika kuma wataƙila yanzu ta sauko daga aikin dare. Ka tambayi mutum yaushe yake da sarari kafin ka ce ba ya so. Mu a Samaru ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne ƙarfin mawaƙanmu da malaman makarantar Lahadi. Da aka yi yajin aikin malaman jami'o'i a 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, kujerun mawaƙa suka zama wayam, ajin yara uku suka koma hannun mace ɗaya. Tun daga nan duk aikin da ɗalibi ya riƙe, muna haɗa shi da ɗan gari, ɗaya na koya wa ɗaya. Sannan kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa Shika daga Sabon Gari a dawo ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ba shi da aiki. Hidima ba a biyan ta, na yarda, amma bai kamata ta cinye wa maraya kuɗin abincinsa ba. Ka kai wa dattawa maganar, a ware wani abu daga baiko, a ba mutum a ɓoye, ba a gaban 'yan'uwansa ba.

In ka samu sarari wata rana, ka kwashi matasanka ku je Wusasa. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa, kuma tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a 1929 tana nan tsaye, ginin ƙasa irin namu na Hausa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ya daɗewa sai in ana bin sa da yaɓe da gyaran indararo, damina bayan damina. Ina son yaranmu su taɓa bangon nan da hannunsu, su tuna mutanen da suka yi ta kula da shi waɗanda ba mu ma san sunansu ba.

Godiya kuma kada ka yi rowarta. Wanda ya rera waƙa kowa ya gan shi, amma yarinyar da ta wanke makewayi da ƙarfe shida na safe, da yaran Birged, ƙungiyar samarin ikkilisiya, da suka sha rana suna tsara motoci, su wa ya gani? Ka same su ɗaya ɗaya ka ce na ga abin da ka yi, Allah ya sāka. In aiki zai kai azahar, ko kunun zaƙi ne da burodi a tanada, da yunwa ba a ɗaga benci. Kuma in ka ce ƙarfe goma za a tashi, a tashi ƙarfe goma ko da shara ba ta ƙare ba, don gobe in ka kira su yarda da maganarka.

Ga abin da zan roƙe ka a satin nan. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum goma da ke zuwa sujada amma ba sa fitowa aiki, kusa da kowane suna ka rubuta abin da ya iya, ko waya yake gyarawa, ko ɗinki take yi, ko yara na son sa. Ka yi addu'a a kansu, sannan ka taka zuwa gida biyu kawai, ba saƙon waya ba, da ƙafarka. Ka roƙi abu ɗaya, na rana ɗaya. Wani zai ce a'a, ka yi masa godiya ka gaishe da mutanen gidan, bayan wata guda ka sake komawa.

Biyar ɗin nan kuma ka gaishe mini da su da kyau. Yesu ma da almajiransa suka dawo daga aike, har ba su da zarafin cin abinci, ce musu ya yi su zo waje ɗaya su ɗan huta, yana nan a Markus sura 6. Ka ba biyu daga cikinsu hutun Asabar mai zuwa, ka gaya musu ni na ce, kuma su bar maka makullin kafin su tafi.